Ƙashin da Ya Ɓace a Hoto: Nazarin Lamarin Wata Mata a Edinbura

A watan Maris na 2018 mujallar likitoci ta BMJ Case Reports ta buga labarin wata mata 'yar shekara 44 da aka duba a asibitin Royal Infirmary da ke Edinbura, a yankin Sukotland na Birtaniya. Ciwon kafaɗar hagu ne ya kai ta, ciwon da kullum gaba yake yi. Sai da aka shafe kusan wata 18 ana ɗaukar hoto, ana gutsuro ƙashi ana aunawa, kafin a kama sunan abin da ke cin ta: cutar Gorham-Stout, wadda ake yi wa laƙabi da cutar ɓacewar ƙashi. A duk duniya waɗanda aka rubuta labarinsu da wannan cuta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Wanda ya ji an yi shekara ɗaya da rabi a asibitin koyarwa mai kowace irin na'ura ba a gano ciwo ba, zai iya cewa sakaci ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Wannan cuta ba ta da gwajin jinin da zai nuna ta, kuma babu hoto guda da za a ɗaga a ce ga ta nan. Sai an jera hotunan wuri ɗaya, na watanni daban-daban, sannan take bayyana.

Hoton farko

Hoton eksire na farko ya nuna tabo a ƙashin dantse, dogon ƙashin da ya taso daga kafaɗa ya sauka gwiwar hannu. A eksire lafiyayyen ƙashi fari yake fitowa, domin kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana tare hasken. Inda ƙashi ya zaizaye sai hasken ya wuce, wurin ya yi duhu. Kuma eksire ba ya saurin gani: sai ƙashi ya rasa kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na sinadarinsa kafin ramin ya fito sarai. Ke nan duk ranar da aka ga tabo, ɓarnar ta daɗe da farawa.

Likitocin sun fara zargin ciwon daji, kuma daidai suka yi. Ga wanda ya haura shekara 40, tabon da ke cin dogon ƙashi ana ɗaukarsa a matsayin dajin da ya yaɗu daga wani wuri, kamar nono, huhu, ƙoda ko tayirod da ke maƙogwaro, ko kuma mayeloma, dajin ɓargo, har sai an tabbatar ba shi ba ne. Saman ƙashin dantse ma yana cikin wuraren da irin wannan daji ya fi sauka. Likitan da ya ga wannan hoto ya fara tunanin cutar da wataƙila ba zai gamu da ita ba har ya yi ritaya, ya bar wadda yake gani kowane mako, to bai kyauta wa marar lafiya ba.

Ita kanta Gorham-Stout a farkonta ba ta da wata kama ta musamman. Ƙananan duhu ne birjik a cikin ɓargo ko ƙarƙashin bangon ƙashi, masu kama da raunin ƙashin da ke biyo bayan daina amfani da hannu.

Gutsure biyu da amsar da ba ta gamsar ba

Aka ɗebi gutsuren ƙashin aka kai ɗakin gwaji. Ba a ga daji ba. Sauran gwaje-gwajen ma ba su yanke hukunci ba.

Marar lafiya kan yi murna da irin wannan sakamako, likita kuwa hankalinsa ba ya kwanciya. Gutsure ɗan mitsitsi ne, kuma ana iya ɗebowa daga gefen tabo a bar tsakiya. Idan aka ce ba a ga daji ba alhali hoto yana nuna ƙashi na lalacewa, tambaya biyu ce ke tasowa: ko dai an kuskure wurin, ko kuma abin da ke wurin ba daji ba ne tun asali. A cutar Gorham-Stout matsalar ta ninka, domin abin da ya maye gurbin ƙashin ƙananan jijiyoyi ne masu siraran bango, cike da jini ko ruwa. Idan aka soke su sai su fashe su lanƙwashe, a samu jini da 'yan ɓurɓushin ƙashi a kan gilashin gwaji, babu abin da zai ja ido.

Bayan wasu watanni aka sake ɗiba. Wannan karo aka ce ƙari ne na jijiyoyin jini, marar illa irin ta daji.

Nan ne, a ganina, gaɓar da ta fi muhimmanci a lamarin. Amsar ɗakin gwaji gaskiya ce: jijiyoyi ne, kuma ƙwayoyinsu ba su da muguwar kama. Amma ƙarin jijiyoyin jini da aka saba gani a ƙashi yana da halinsa. Ya fi zama a ƙashin baya da ƙoƙon kai, yawanci ma ba a sanin yana nan sai an ɗauki hoto don wani dalili dabam. A hoto 'yan sandunan ƙashin da suka rage a cikinsa kauri suke ƙarawa, kuma yakan shekara da shekaru bai motsa ba. Na wannan mata ba haka ya yi ba. A cikin shekarar da ta biyo baya ciwo da kumburi ba su bar hannun ba, ƙashin kuma yana karyewa da ɗan buguwar da ba ta isa ta karya na mai lafiya ba. Madubin likita yana cewa abu ne mai sauƙi, hannun matar yana cewa a'a. Duk lokacin da takardar ɗakin gwaji ta saɓa wa abin da hoto da jikin marar lafiya ke nunawa, dole likitan ƙashi da likitan hoto da likitan gwajin tsoka su zauna tebur ɗaya su sake lale.

Abin da ƙashin ya ƙi yi

Wajen wata na 18, sababbin hotuna suka nuna abin da ba ya ɓoyuwa. Ƙashin dantse yana ɓacewa, haka ma ɗaya daga cikin ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, wanda ke ɓangaren ƙaramin yatsa. Ƙarin gutsuren da aka ɗiba ya nuna jijiyoyi suna tsiro suna maye gurbin ƙashin. A nan aka tsayar da magana.

Domin a gane dalilin da ya sa waɗannan hotuna suka warware abin da na baya suka kasa, sai a tuna cewa ƙashi abu ne mai rai, kuma ba ya shiru idan an taɓa shi. Idan ya karye, cikin 'yan makonni za a ga ƙullutun sabon ƙashi yana taruwa a bakin karayar. Idan ƙwayar cuta ta shige shi, tantanin da ya lulluɓe shi yakan ɗaga ya shimfiɗa sabon ƙashi a gefe, a kan kuma samu mataccen ɓalli a tsakiya, kewaye da farin kauri. Ko mugun daji, sau da yawa ƙashi yakan mayar masa da martani, tantanin ya tashi, ga kuma dunƙulen tsoka ya kunno waje. Ƙari mai girma a hankali kuwa yakan kumbura ƙashin, a ga farin layi ya zagaye shi.

A Gorham-Stout duk wannan babu. Ƙashin yana tafiya ne kawai. Babu sabon ƙashi a gefe, babu farin layi, babu kumburin ƙashi, karaya kuma ba ta ɗinkewa. Likitocin hoto suna bin tafiyar mataki-mataki: da farko ƙananan duhu a ciki, sai su haɗe su zama manyan ramuka, sai bangon ƙashin ya cinye cutar ta shiga tsokar da ke kewaye, daga ƙarshe ƙashin ya ɓace a bar tsoka mai zare-zare irin ta tabon rauni. A dogon ƙashi, guntun da ya rage yakan sirance ya yi tsini, kamar alewar da yaro ya tsotse. Wannan tsini alama ce mai ƙarfi, domin daji da ƙwayar cuta yagaggen baki suke bari.

Sai kuma batun gaɓa. Guringuntsin gaɓa yakan zame wa yawancin ƙari shinge, su tsaya a ƙashin da suka fara. Gorham-Stout ba ruwanta da gaɓa, takan tsallaka zuwa ƙashin da ke maƙwabtaka: daga dantse zuwa allon kafaɗa, daga haƙarƙari zuwa ƙashin baya, daga ƙugu zuwa cinya. Ƙasusuwa biyun da suka lalace a hannun wannan mata a gwiwar hannu suke haɗuwa. Dajin da ya yaɗu ta jini kuwa watsuwa yake yi, tabo nan tabo can, a ƙasusuwan da babu abin da ya haɗa su.

Ka lura, kusan duk waɗannan alamu na rashi ne, kuma rashi ba ya tabbata a hoto ɗaya. Karayar da ba ta ɗinke ba a mako na 3 ba komai ba ce. Wadda ta kai wata 6 ba ta ɗinke ba, bakunanta ma sun ƙara nisa da juna sun yi tsini, wannan wata magana ce.

Aikin manyan na'urori

Na'urar CT ita ce gwanar ganin bangon ƙashi. Tana nuna iyakar inda cin ya kai, tana haɗa hoton ƙashin ta kowane ɓangare don likitan tiyata, kuma da ita ake saita allura idan za a ɗebi gutsure, a nufi bakin da cutar ke ci a bar tsakiyar da ta riga ta zama tabo. CT ce kuma ke raba Gorham-Stout da 'yar uwarta, wata larura mai bazuwa a jiki ta jijiyoyin ruwan kaluluwa, wato siraran jijiyoyin da ke kwashe ruwan jiki wanda ba jini ba. Wani nazari da aka buga a mujallar Skeletal Radiology a 2013 ya nuna bambancin: 'yar uwar takan taɓa ƙasusuwa da yawa, ta yi ramuka a cikin ɓargo ta bar bango a tsaye, ita kuwa Gorham-Stout bangon take cinyewa, kuma gaba take yi.

MRI tsoka da ɓargo take gani. Ɓargon babban mutum kitse ne, saboda haka a salon hoton da ake kira T1 fari yake fitowa. Inda cutar ta shiga wannan fari yakan dushe. A salon T2, wanda ke haska ruwa, wurin yakan yi haske saboda jijiyoyin da suka cika shi, kuma idan aka yi allurar gadoliniyam, maganin da ke ƙara haska hoto, yakan sha maganin. Amfaninta babba shi ne nuna faɗin cutar tun kafin eksire ya gani, da kuma nuna cewa abin da ke cikin tsokar kewaye malala ne, ba dunƙulen ƙari ba. Amma kamannin yana sauyawa da shekarun cutar: sabuwa mai yawan jijiyoyi daban, tsohuwa da ta zama tabo daban. Shi ya sa MRI kaɗai ba ta yanke hukunci.

Hoton ƙashi na dukan jiki da ake yi da allurar teknishiyam-99m, wani magani mai fitar da haske da ƙashi ke sha, shi ma sakamakonsa ba tabbas: wani lokaci bakin cutar ya haska, wani lokaci wurin ya fito fayau domin babu ƙashin da zai sha maganin. An fi amfana da shi wajen tabbatar da cewa babu wasu tabo a sauran jiki.

Cututtukan da sai an kore su tukuna

A 1983 wani likita mai suna Heffez da abokan aikinsa suka jera sharuɗɗa 8 na gane cutar da har yau ake dogara da su. A taƙaice: gutsure ya nuna tsiron jijiyoyi, ƙwayoyin ba su da muguwar kama, ƙashi bai yi yunƙurin gyara kansa ba, cin yana ci gaba a wuri guda, tabon bai kumbura ƙashi ba bai kuma fashe ya zama gyambo ba, kayan ciki ba su kamu ba, hoto ya nuna zaizaya, sannan an kore cutar gado da matsalar sinadaran jiki da daji da cutar garkuwar jiki da ƙwayar cuta. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne mai cin lokaci.

Gwajin jini a Gorham-Stout yawanci lafiya lau yake fitowa, kuma wannan lafiyar ita ce shaidar. Idan kalsiyam da sinadarin faratayirod, wanda wasu ƙananan halittu a wuya ke fitarwa, sun hau, to ƙullin faratayirod ne ke zuƙe ƙashi. Idan aka ga baƙon furotin a jini ko fitsari, mayeloma ce. Zazzaɓi da mugunya da hauhawar alamun kumburi a jini suna nuna ƙwayar cuta. Akwai kuma cututtukan zaizayar ƙashi na gado, kamar Hajdu-Cheney mai cin kan yatsu, da wata mai cin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu da idon sawu tare da taɓa ƙoda. Waɗannan tun ƙuruciya suke farawa, kuma dama da hagu suke kamawa.

Akwai guda da ya kamata a ambata musamman idan kafaɗa ce. Ramin ruwa a cikin lakar wuya yakan kashe jijiyoyin jin zafi na hannu, gaɓar kafaɗa ta yi ta gogewa mai ita bai sani ba, har kan ƙashin dantse ya narke cikin 'yan watanni. A eksire abin yana iya ruɗarwa ƙwarai. Bambancin shi ne a nan ana ganin tarkacen ƙashi a cikin gaɓar, bakin ƙashin kamar an yanke shi, kuma hannun ba ya jin zafi ko sanyi yadda ya kamata. MRI na wuya ke warware wannan.

A ɗakin gwaji, abin da ya ƙara sauƙaƙa aiki a 'yan shekarun nan shi ne rinin da ake kira D2-40, wanda ke kama bangon jijiyoyin ruwan kaluluwa ya bar na jini. A gwajin da aka saba yi ba a ganin irin waɗannan jijiyoyi a cikin ɓargon lafiyayyen ƙashi. Ganinsu a wurin babbar shaida ce, kuma shi ya sa yanzu aka sa cutar a sahun larurorin jijiyoyin ruwan kaluluwa, duk da cewa a da ana kallonta a matsayin ta jijiyoyin jini.

Labarin farko da aka sani na wannan cuta likita Jackson ne ya rubuta shi a Boston ta Amurka a 1838, game da wani saurayi da ƙashin dantsensa ya ɓace bayan karaya. Da hannu aka lalubo rashin ƙashin, domin sai a 1895 aka gano hasken eksire. A 1955 Lemuel Whittington Gorham da Arthur Purdy Stout suka tattara labarin mutum 24, suka nuna cewa ɓacewar ƙashin tana tafiya tare da tsiron jijiyoyi, cutar ta ɗauki sunansu.

Da wannan mata a ɗaya daga cikin asibitocinmu ta bayyana, jerin zargin zai ɗan sauya: tibin ƙashi da ruɓewar ƙashi irin ta masu sikila za su hau gaba, kuma daidai ne su hau. Abin da ya fi damuna shi ne wani abu dabam. A wurinmu marar lafiya ne ke tafiya gida da fim ɗinsa a ambulan, karaya ta biyu wataƙila wurin mai ɗori za a kai ta, ta uku kuma wani asibiti a wani gari, a ɗauki sabon hoto ba tare da an ga na baya ba. Kowane likita zai ga hoto ɗaya ne tak. Alhali eksire uku na hannu ɗaya, masu kwanan wata a jiki, sun isa su tayar da zargin wannan cuta ko da babu MRI a kusa.

Bayan an san sunan

Da zarar an tabbatar da cutar a kafaɗa, haƙarƙari ko ƙashin baya na ƙirji, sai ido ya koma kan huhu. Babbar jijiyar ruwan kaluluwa ta cikin ƙirji take bi, ɗauke da farin ruwa mai kitse daga hanji. Idan cutar ta kai gare ta ko ga tantanin huhu, wannan ruwa yakan tsiyaya ya taru a ƙirji ya danne huhu. Wani bita da aka yi a 1994 ya samu haka a kusan kashi 17 cikin 100 na masu cutar. Idan aka zuƙo ruwan yakan fito fari kamar madara, kuma kitsen tiragilisarayid da ya haura miligiram 110 a kowace desilita yana tabbatar da shi. Wannan da lalacewar ƙashin wuya ko na baya, mai iya danne laka, su ne ke kisa. Wanda cutar ta tsaya masa a hannu ko ƙafa, naƙasa ce ke gabansa, ransa kuwa yawanci ba ya cikin haɗari.

Magani har yanzu na gwaji ne, domin masu cutar ba su da yawan da za a yi babban nazari a kansu. Ana ba da magungunan da ke rage aikin ƙwayoyin rushe ƙashi, irin su zoledironet da famidironet, tare da kalsiyam da bitamin D. An yi amfani da intaferon alfa-2b. Ana haska wurin da radiyeshan, wajen girei 36 zuwa 45 a ma'aunin radiyeshan, kuma hakan yakan tsayar da cin a mutane da dama. Sirolimus, maganin da aka fi sani wajen dashen ƙoda, ya samu karɓuwa bayan wani gwaji da aka buga a mujallar Pediatrics a 2016 kan larurorin jijiyoyi masu wuya. Daga 2020 kuma aka fara samun sauyi a ƙwayar halitta ta KRAS a cikin tsokar da ta kamu a wasu marasa lafiya, sauyin da ba daga iyaye ake gadonsa ba, abin da ya sa aka fara gwada maganin tirametinib.

Wani lokaci cutar takan tsaya da kanta bayan shekaru, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Tiyata kuma tana da nata tarkon: idan aka dasa sabon ƙashi alhali cutar tana ci, shi ma yakan narke, ƙusoshin ƙarfe su rasa abin kamawa. Saboda haka likitan tiyata yakan so ya tabbatar cin ya tsaya kafin ya sa ƙarfen da zai maye gurbin dantse. Hanyar sanin hakan ita ce a riƙa ɗaukar hannun a tsayuwa iri ɗaya duk bayan 'yan watanni, a auna tsawon guntun da ya rage daga gaɓa zuwa tsininsa, a duba a MRI ko bakin ya daina shan gadoliniyam. Idan awon bai sauya ba a hotuna da dama a jere, sai a sa ranar aiki.